Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar NUC da Shugabannin Jami'o'in Arewa Kan Ma'aikatan Walwalar Jama'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, na rubuto wannan wasiƙa ne da yawun wasu 'yan'uwana ma'aikatan walwalar jama'a na jihohin Arewa, maza da mata, masu aiki a ofisoshin walwala na ƙananan hukumomi, da asibitoci, da gidajen marayu, da gidajen gyaran hali na yara, da wuraren da 'yan gudun hijira suke zaune, da kuma ƙungiyoyin farar hula. Ni kaina a ofishin walwala na fara aiki, na koma makaranta da girmana na yi digiri na biyu, na taɓa koyarwa na wucin gadi, yanzu kuma ina jagorantar wata ƙaramar ƙungiya mai kula da yara da iyayensu mata. Mun zaɓi yin magana a fili saboda matsalar ba ta jami'a ɗaya ba ce, kuma gyaranta yana hannunku ku duka: wani ɓangare a hannun hukumar da ke tantance kwasa-kwasai, wani a hannun majalisun jami'o'i masu ɗaukar malamai da yi musu ƙarin girma.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shirun da ya biyo bayan abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen shekarar 2022. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a ta Nijeriya, wadda ta mayar da aikin namu sana'a mai rajista da ƙa'ida, bayan an daɗe ana kai gwauro ana kai mari a kanta. A watan Disamba na 2022 ɗin kuma hukumar NUC mai kula da jami'o'in ƙasar nan ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Mun yi murna da duka biyun, domin mun zaci lokaci ya yi da za a tambayi masu aikin me ɗalibi yake buƙatar sani kafin a damƙa masa rayuwar mutane. Shekaru sun shuɗe, kuma a cikin waɗanda nake magana da yawunsu babu wanda aka taɓa gayyata zaman cike wannan kashi 30 ɗin.

Kukanmu guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Tsarin da ake kai yana tilasta wa mutum ya zaɓi ɗaya cikin uku: ko ya zauna cikin jama'a yana warware matsalolinsu, ko ya shiga jami'a yana koyarwa da bincike, ko ya jagoranci ƙungiya yana neman a gyara doka da manufofin gwamnati. Wanda ya ce zai haɗa ukun, a jami'a ana yi masa kallon mai kwaɗayin kuɗin Turawa, a ma'aikata ana cewa ya raina aikinsa, a ƙungiya kuma ana ganin hankalinsa a rabe yake. Amma aikin walwala ba ya tsayuwa sai da ukun nan tare, domin mai zama da jama'a shi ke ganin matsala tun tana ƙarama, mai bincike shi ke gane ko ta gida ɗaya ce ko ta gari duka, mai ƙungiya kuma shi ke iya kai ta gaban majalisa ko gwamna.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema ba baƙo ba ne a jami'o'inku, domin kun daɗe kuna yin sa a fannin likitanci. Malamin da ke koyar da ɗaliban likitanci a Jami'ar Bayero shi ne likitan da ke zagayen majinyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, haka abin yake tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika, kuma babu wanda ya taɓa cewa duba marasa lafiya yana rage wa farfesa daraja. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka yi a Zariya kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, wanda har yau ake kafa hujja da shi kan mace-macen masu juna biyu da amfanin zuwa awo da karatun 'ya mace, daga ɗakin haihuwa ya fito, daga bayanan da masu aiki suke rubutawa kullum. Babu mahaifin da zai yarda a kawo wa ɗansa likitan da malamansa ba su taɓa riƙe majinyaci ba. Amma ana yaye mana ɗaliban da za su yanke shawarar ko a mayar da yarinya gidan da aka ci zarafinta, alhali a cikin malamansu da wuya a samu wanda ya taɓa zama a irin wannan zama.

Ga shi kuwa dokoki suna ta ƙaruwa, kowace tana buƙatar hannun da zai aiwatar da ita. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, jihohin Arewa sun yi ta amincewa da nasu ɗaya bayan ɗaya, Kano ta sa hannu a tata a 2023. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, a shekarar kuma aka kafa hukumar kula da karatun almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk inda doka ta ce a binciki gida, ko a nemo dangin yaro, ko a rubuta wa alƙali rahoto, ko a bibiyi wanda aka sallamo daga asibiti, ma'aikacin walwala take nufi. Kun tuna yadda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa, ba a daɗe ba kuma aka buɗe irinsa a Daura. An rufe gidajen, an yi Allah wadai, amma tambayar da ta kai iyaye ƙofar waɗannan gidaje tana nan, wato ina mutum zai kai ɗansa idan ƙwaya ta fi ƙarfinsa, a ƙasar da binciken Hukumar Ƙididdiga da Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi sun kai miliyan 14.3. Amsar wannan tambaya tana buƙatar bincike, tana buƙatar wanda iyaye za su yarda su gaya wa gaskiya, tana kuma buƙatar wanda zai matsa wa gwamnati ta ware kuɗi.

Ƙorafinmu na farko shi ne ƙofar jami'a a rufe take ga wanda ya ƙware a fage. Mafi yawan tsofaffin jami'an walwala a Arewa difloma ko babbar difloma suke da ita daga kwalejojin kimiyya da fasaha, domin a lokacinsu nan ne ake koyar da aikin. Jami'o'in Nsukka da Ibadan da Benin suna da sassan aikin walwala masu cin gashin kansu, a jami'o'inmu da dama kuwa 'yan kwasa-kwasai ne da aka jingina a sashen nazarin halayyar zaman jama'a. Idan irin wannan jami'i ya nemi ƙarin karatu bayan ya yi rabin rayuwarsa yana aiki, ana auna shi da ma'auni ɗaya da yaron da ya gama hidimar ƙasa bara, kuma duk abin da ya koya a wurin aiki ba a lissafa masa shi ko na maki ɗaya. A 2023 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta fito da shirin karatun shekara ɗaya domin masu babbar difloma su samu digiri ta hannun jami'o'in waje, hukumar NUC kuma ta fito fili ta ce ba ta amince da shi ba. Ba na jayayya da hurumin hukumar a kan sha'anin digiri, kuma ni ma ban ga dalilin kai kuɗinmu waje kan abin da za mu iya yi a gida ba, amma wanda ya toshe wata hanya ya kamata ya nuna wata.

Bari in nuna muku irin ilimin da ake bari a waje. A cikin azumin 2020, lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona, ina cikin waɗanda suka karɓi yaran da aka sauke. A cikinsu akwai wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba, wanda bai san sunan ƙaramar hukumarsu ba, sunan ƙauyen da ya faɗa kuma akwai irinsa a wurare da dama, haka sunan mahaifinsa. Matasanmu masu digiri sun cike takardarsa, suka rubuta cewa ba a san asalinsa ba. Wata tsohuwar jami'a da ke dab da ritaya ta shimfiɗa tabarma a gefe, ta ba shi kunu, ta bar shi ya sha ya huce, sannan ta fara hira da shi kamar jikanta. Ba ta tambaye shi sunan gari ba. Ta tambaye shi wace rana kasuwarsu take ci, me babansa yake nomawa da rani, ko akwai gulbi kusa da su, motocin tasharsu ina suke zuwa, tana kuma sauraron karin harshensa. Da ya ce kasuwar Lahadi ce kuma albasa suke yi a fadama, sai ta taƙaita neman zuwa gundumomi biyu, ta kira dagatai a waya, aka samu iyayensa. Wannan hanya ce ta aiki mai matakai, ana iya rubuta ta, a gwada ta, a koyar da ita. Matar ta yi ritaya da diflomarta, kuma ko sau ɗaya ba ta tsaya gaban aji ba, domin ƙa'ida ba ta san da irinta ba.

Ƙorafi na biyu ya shafi malaman da ke ciki. Kowace jami'a tana cewa ayyukanta uku ne, koyarwa da bincike da hidimta wa al'umma, amma duk wanda ya ga takardar ƙarin girma ya san inda nauyin yake. Maƙaloli a mujallun ilimi su ne kusan komai, hidimar al'umma kuwa ɗan gurbi ne a ƙasa, wanda zama a kwamitin walimar sashe ma yana iya cike shi. Malamin da ya kwashe shekara yana taya wata jiha tsara yadda za a riƙa karɓar ƙarar cin zarafin yara, ko ya horar da jami'an gidan gyaran hali, ya yi asarar shekarar a idon masu tantancewa. Saboda haka mai hankali a cikinsu yake ƙauracewa fage, ya raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, ya tara alƙaluma, ya buga. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu daga cikin takardun nan a gindin bishiya ake cike su da biro kala-kala, kuma malamin da bai san unguwar ba ba shi da yadda zai gane. Wannan rauni yana gangarowa kan ɗalibai. Ana turo mana su aikin sanin makama da wasiƙa ɗaya, babu malamin da zai biyo sawu, babu abin da aka ce su koya, jami'in da aka jingina su gare shi kuma ba a horar da shi kan kula da ɗalibi ba, ba a kuma biyansa ko sisi. Wasu ɗaliban sau biyu muke ganinsu, ranar kawo wasiƙa da ranar neman sa hannu.

Na uku shi ne sha'anin bincike kansa, kuma a nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Tun da rikicin Arewa maso Gabas ya yi tsanani, masu bincike na gida da na waje suke ta sintiri a sansanonin Maiduguri da kewaye, har zuwa lokacin da gwamnatin Borno ta rufe na cikin birni daga ƙarshen 2021, suka bi mutanen inda aka mayar da su. Ma'aikacin walwala ne yake nemo waɗanda za a yi hira da su, shi ke fassara daga Kanuri ko Hausa, shi ke lallashin matar da tambaya ta tayar mata da tsohon miki, shi kuma ake bari da ita bayan motar baƙi ta tashi. Idan maƙala ta fito, sunansa ba ya cikin marubuta, in an yi masa karamci a gode masa a layi ɗaya. Matan da aka yi ta tambaya labarin ranar da aka kashe mazajensu ba su taɓa jin abin da aka gano ba, domin da Turanci aka rubuta, a mujallar da ko malamin jami'armu ba ya iya biyan kuɗin karanta ta. Yau akwai unguwannin da idan aka ga baƙo da takarda da biro sai a ce an gaji, kuma ba na ganin laifinsu.

A gefe guda kuma bayanan da ke hannunmu suna lalacewa babu mai nema. A wani ofishin walwala da na yi aiki, akwai manyan littattafan rajista masu baƙin bango, an jibge su a sito ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, da unguwa, da ƙara, da yadda aka ƙare: miji ya tafi ci-rani ya daina aike, an tsinci jariri a bayan gari, 'yar aikatau an hana ta kuɗinta, kaka ta kawo marayu ta ce ƙarfinta ya ƙare. Mai haƙurin karanta su zai ga a wane wata ne ƙararrakin rashin ciyarwa suke yawaita, da yadda suke bin tsadar hatsi, da unguwannin da sulhu yake ɗorewa da waɗanda ake dawowa. Irin abin da aka gina binciken haihuwa na Zariya a kansa ke nan. Na ƙarshen ganina da su, gara ta cinye na ƙasa, kuma a iya zamana a wurin babu ɗalibin digiri na biyu ko na uku da aka turo ya duba su.

Na huɗu shi ne yadda ake kallon malamin da ke jagorantar ƙungiya. A nan dole in yi wa shugabanni adalci, domin zargin da suke yi yana da tushe. Akwai malaman da suka mayar da aji wurin ziyara, suna daga wannan otal na Abuja zuwa wancan suna halartar bita don alawus, akwai kuma ƙungiyoyin da ba su da komai sai takardar rajista da hatimi a cikin jaka. Amma rashin ƙa'ida bayyananniya shi ke ba irin waɗannan mafaka, domin idan kowa a ɓoye yake yi, ba a bambance mai aiki da mai yawo. Mai gaskiya kuma, wanda ba ya son ɓoye-ɓoye, ƙarshenta ajiye aikin jami'a yake yi. Arewa ba ta rasa mutanen da suka nuna cewa ilimi da gwagwarmaya suna tafiya tare ba. Dakta Ayesha Imam ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta jagoranci ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda aka kafa a 1996. Farfesa Jibrin Ibrahim daga Zariya ya je ya shugabanci cibiyar CDD mai nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba, Malam Y. Z. Ya'u kuma daga Jami'ar Bayero ya koma cibiyar CITAD mai harkar fasahar sadarwa da ci gaban al'umma a Kano. Abin lura a wurina shi ne hanyar ta fi yawan masu fita, kuma tsarinmu bai tanadi wata ƙofa da irin waɗannan mutane, ko na bayansu da ba a san sunayensu ba, za su riƙa shigowa aji da abin da suka koyo a waje ba tare da sun bar aikinsu ba.

Wannan ya ƙara zama na gaggawa tun watan Janairu na 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga bisani ta rushe hukumar USAID da take raba tallafin ta hannunta. Ayyuka da dama sun tsaya, an sallami ma'aikatan da aka kashe kuɗi da lokaci wajen horar da su kan kula da yaran da suka rabu da iyayensu da masu fama da firgici. Na san waɗanda suka koma sayar da kaya a intanet, da waɗanda suke neman hanyar fita ƙasar. Rahotanni da bayanan shekaru suna cikin kwamfutocin ofisoshin da aka rufe. Jami'a ce kaɗai cibiyar da za ta iya riƙe waɗannan mutane da wannan ilimi, domin ita ba ta tashi idan wa'adin tallafi ya ƙare.

Game da kashi 30 na manhaja ba zan tsawaita ba. Ɗalibinmu yana iya zayyano tarihin dokokin talakawa na Ingila, amma bai san yadda hukumomin zakka da waƙafi na Kano ko Sakkwato suke tantance mabuƙaci ba, bai san hukuncin riƙon yaro da ciyarwa bayan saki a mazhabar Malikiyya ba, alhali shi ne abin da zai tarar a kan teburinsa ranar farko, bai kuma san inda hurumin mai unguwa ya tsaya na Hisba ko na kotu ya fara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan fanni jami'an da ke karɓar ƙara kullum su ne masu ɗakin.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Babbar buƙatarmu ita ce a ƙirƙiro muƙamin malami mai aiki a fage, kamar yadda ake da shi a likitanci, ta yadda ƙwararren jami'in walwala ko shugaban ƙungiya zai riƙa koyarwa da duba ayyukan ɗalibai na wasu ranaku a mako, yana nan a kan aikinsa, da takardar ɗauka da albashi gwargwadon lokacinsa, haka kuma malamin jami'a ya samu damar a ba da aronsa ga ma'aikata ko ƙungiya na shekara ɗaya ko biyu ba tare da ƙarin girmansa ya tsaya ba. A kan wannan turba sana'ar ta tashi tun asali. Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a unguwar talakawan Chicago a 1889, matan da suka zauna a gidan suka riƙa bincike gida-gida, suna cikin waɗanda suka matsa har aka kafa kotun yara ta farko a Amurka a 1899, ɗaya daga cikinsu kuma, Edith Abbott, ta zama shugabar makarantar aikin walwala ta Jami'ar Chicago a 1924. Muna roƙon hukumar NUC ta sa samun irin waɗannan malamai cikin abin da take dubawa idan ta zo tantance kwas ɗin aikin walwala, domin mun san abin da masu tantancewa suke tambaya shi jami'a take tanada.

Muna roƙon a buɗe hanyar ƙarin karatu ga masu difloma da babbar difloma da suka daɗe a aiki, a auna ƙwarewarsu ta hanyar jarrabawa da ganawa da duba ayyukan da suka yi, a lissafa musu ita, a kuma tsara karatun a ƙarshen mako ko zango-zango, domin uwar 'ya'ya mai aiki a ƙaramar hukuma ba za ta iya barin gida da albashi ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ba mu ce a sassauta ma'auni ba, wanda bai iya ba a kayar da shi.

Ga majalisun jami'o'i, muna roƙon a sake duba takardar ƙarin girma a wannan fanni, a ba da maki mai nauyi ga aikin da za a iya tabbatar da shi, kamar daftarin dokar da majalisar jiha ta karɓa, ko tsarin aikin da wata ma'aikata ta ɗauka, ko horon da aka auna sakamakonsa, kuma masana na waje su tantance shi kamar yadda suke tantance maƙala. A fitar da ƙa'ida a rubuce kan jagorancin ƙungiya: malami ya bayyana ƙungiyarsa, da lokacin da take ci masa, da abin da ake biyansa, wanda ya bar ajinsa a hukunta shi, wanda ya cika sharaɗi kuma a daina yi masa gani-gani. Aikin sanin makama na ɗalibai a yi shi da yarjejeniya tsakanin sashe da wurin aikin, malami ya riƙa leƙowa, jami'in da ke kula da ɗalibi a horar da shi a ba shi ɗan abin da zai nuna an san da wahalarsa.

A kan bincike, muna roƙon kwamitocin da ke ba da izini su sa sharaɗi cewa duk wanda ya taimaka wajen tsara aiki da tattara bayanai da fassara ma'anarsu a sa sunansa cikin marubuta, kuma a koma wurin mutanen da aka yi hira da su a gaya musu sakamakon da harshensu, a rubuce ko a rediyo ko a zaure. Muna roƙon ɗakunan karatu na jami'o'i, da cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna da Gidan Mambayya na Kano, su karɓi tsofaffin rajistocin ofisoshin walwala da bayanan ƙungiyoyin da suka rufe, bisa yarjejeniya da masu su, a ɗauke su a kwamfuta bayan an ɓoye sunayen mutane. Kuma tun da asusun TETFund na tallafa wa ilimi mai zurfi manyan makarantun gwamnati yake bai wa kuɗin bincike, muna roƙon ku yi amfani da muryarku wajen ganin an ware wani kaso ga binciken da malami da ma'aikacin fage za su nema tare, kowa da sunansa a kan takardar.

Mu ma akwai abin da ke kanmu, kuma a shirye muke mu ɗauka. Za mu karɓi ɗalibai mu koya musu aiki da gaske, za mu nemi izinin ma'aikatunmu a kan rajistocin, ƙungiyoyinmu kuma za su buɗe littattafan kuɗinsu ga duk jami'ar da za ta haɗa hannu da su. Abin da muke nema a fara da shi bai fi ƙarfin kowa ba: a kira zama guda kafin a shiga sabuwar shekarar karatu, wanda zai haɗa wakilin hukumar NUC, da shugabannin sassan da ke koyar da aikin walwala a jami'o'in Arewa, da daraktocin walwala na jihohi, da ƙungiyar ma'aikatan walwala ta ƙasa, da wakilan ƙungiyoyin farar hula, a fara da duba kashi 30 na manhaja, a kuma zaɓi jami'a ɗaya ko biyu da za su gwada muƙamin malami mai aiki a fage. Idan aka sa rana, za mu zo da jerin sunayen ƙwararrun da suka yarda su koyar, da samfurin yarjejeniyar aikin sanin makama da muka riga muka tsara.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar walwalar jama'a, a madadin 'yan'uwanta na jihohin Arewa.